Filin Tambaya da Amsa: Ta Ina Mai Son Tara Sulallan Rumawa Zai Fara?

Tun da na sa hoton ɗan kwabon nan a fitowar watan jiya, na ce ya haura shekara 1,600 a duniya kuma fam 4 na saye shi, wayata ba ta huta ba. Wani abokina da muka yi firamare tare ya kira ni takanas don ya ce in ji tsoron Allah, in daina shara wa mutane tatsuniya da furfurata. Na ce ya zo gida ya gani da idonsa. Har yau bai zo ba. Cikin saƙonnin da suka shigo na tsamo biyar, waɗanda na ga amsarsu za ta wadatar da saura.

Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Gusau. Tun ina ɗalibi nake son labarin Rumawa, amma ban taɓa riƙe wani abu nasu a hannu ba. Albashina ba wani mai kauri ba ne. Ta ina zan kama?

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da kwabo ɗaya. Ɗaya tak, na tagulla, na ƙarni na 4, wanda rubutunsa ke karantuwa. Azurfa ta jira tukuna. Zinariya kuwa, ni da na haura shekara 20 a harkar nan ban taɓa mallakar ko ƙwaya ɗaya ba, kuma barci nake yi lafiya lau.

Bari in ba ka labarin nawa. A 2003 aka tura ni kwas na wata tara a garin York da ke Ingila. Rumawa ne suka kafa garin a shekara ta 71 miladiyya. A can Sarki Septimiyus Seberus ya rasu a 211, a can kuma sojoji suka naɗa Konstantin sarki a 306. Wata Asabar ruwa ya kore ni na fake a wani ɗan shagon tsofaffin kaya. A kan kanta akwai wani kwano cike da baƙaƙen ƙarafa, an rubuta fam 4 kowane. Na zaci maɓallai ne. Na kai hannu ga wanda ya fi girma, tsohon mai shagon ya girgiza kai, ya miƙo mini gilashin nan na masu gyaran agogo, ya ce in zaɓi wanda zan iya karanta sunan mai shi. Na fi rabin awa ina tono. Shi ne wanda kuka gani a hoto.

Faɗinsa kamar na tsohon sisi, milimita 18, nauyinsa giram 2.6, launinsa kore mai duhu kamar tsohon ganyen mangwaro. A gaba akwai kan wani mutum yana duban dama, da ɗaurin lu'ulu'u a goshi, an kewaye shi da haruffa babu tsagaitawa: DNCONSTANTIVSPFAVG. Abin da ke rikita sabon shiga ke nan, ba sa raba kalmomi, kuma V suke sawa a gurbin U. In ka yanyanka shi sai ya zama D N, wato "ubangidanmu". CONSTANTIVS, sunan sarkin, Konstantiyus na 2, ɗan Konstantin, wanda ya yi mulki daga 337 zuwa 361. P F, "mai ibada, mai sa'a". Sai AVG, taƙaitaccen Augustus, wanda shi ne sunan sarautar kanta. A baya wani soja ne ya soki wani mahayi da mashi, dokin ya durƙusa, mahayin ya ɗaga hannu. Rubutun wajen ya ce FEL TEMP REPARATIO, ma'ana zamanin jin daɗi ya dawo. Can ƙasa, ƙarƙashin ƙafar sojan, ga haruffa huɗu: ALE da wani harafin Girka mai kama da ƙugiya. ALE Iskandariyya ce ta Masar, harafin kuma gamma ne, na uku a jerin haruffan Girka, yana nuna maƙera ta uku a gidan buga kuɗin garin. Daren nan da na gano wannan ban yi barci da wuri ba. Ashe na tsallaka teku ne na je na sayo abin da aka ƙera a nahiyarmu.

Wani abin dariya: a 348 aka fara buga wannan samfurin yana da nauyin giram 5 da wani abu. Kafin a yi shekara goma ya tsotse ya koma rabi, amma rubutun nan na "zamanin jin daɗi ya dawo" yana nan daram. Mu da muka ga naira ɗaya ta takarda ta koma ƙarfe a 1991, daga baya ko almajiri ya daina karɓarta, ba sai an yi mana fassara ba.

A nan kuma amsar abokina take, ta dalilin da ya sa abu mai irin wannan shekaru yake araha. A zamanin Augustus, sarkin daular na farko, tsarin a tsaye yake: sulen zinariya ɗaya, aureus, daidai yake da denarius 25 na azurfa, denarius ɗaya sestertius 4 ne, ko as 16 na jan ƙarfe, soja kuma denarius 225 ne albashinsa a shekara. Azurfar lokacin kusan zalla ce. Nero ya fara rage ta a shekara ta 64. Zuwa zamanin Seberus rabi ce azurfa, rabi gauraye. A 215 Karakalla ya fito da wani sabo da ake kira antoninianus, wanda za ka gane shi da kambi mai tsinaye kamar hasken rana, aka ce a karɓe shi a matsayin denarius 2 alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Kafin ƙarshen mulkin Galiyenus a 268 azurfar cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, tagulla ce aka yi wa wankan azurfa. Da kuɗi ya lalace sai aka dinga buga shi miliyoyi, mutane na cusawa a tukwane suna binnewa. A 2010 wani mai na'urar neman ƙarfe ya tono tukunya guda a wata gona kusa da garin Frome a Ingila, da sulalla 52,503 a ciki. Hukuma ta yi mata kuɗi fam 320,250. Ka raba ka gani, kowane ɗaya bai wuce fam 6 da 'yan kai ba. Tsufa kaɗai ba ya sa abu tsada. Ƙaranci da kyau da yawan masu nema su ke sawa.

Kayan aikin da kake bukata ba su da yawa. Gilashin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau 10. Ɗan sikeli irin na 'yan gwal, mai nuna ɗigo biyu bayan giram. Rula mai milimita. Ƙananan ambulan na takarda. Sai littafi, wanda shi ne uban tafiyar: kowane sule ka rubuta sarkinsa, rubutun gaba da na baya, garin da aka buga shi, nauyi, faɗi, ranar saye, wurin wa, da nawa. Takardar shaidar da ta zo da shi kada ka yar. Babban kundin da kowa ke komawa gare shi shi ne RIC, juzu'i 10, da aka fara fitarwa a 1923. In ka ga dillali ya rubuta RIC VIII da lamba, can yake nufi. Yana da tsada, amma ƙungiyar masana sulalla ta Amurka ta zuba abin da ke cikinsa kyauta a intanet da sunan OCRE. Ka buga rubutun da ka iya karantawa, zai jero maka hotuna ka gwada da naka.

Wurin saye kuwa, ka nemi kasuwannin intanet da ke tara sanannun dillalai, irin VCoins da MA-Shops, ka duba mai ba da lamunin cewa in abu ya fito jabu zai karɓa ya maido kuɗi ko bayan shekaru. Kwabon tagulla mai karantuwa yakan kama daga fam 5 zuwa 20. Na azurfa na Seberus ko na Godiyan na 3, daga wajen fam 30 zuwa sama. Gwanjo ka bar shi sai ka goge, don bayan farashin da ka taya akwai la'ada ta kusan kashi 20 cikin 100, ga kuɗin aike. Kuma ka sani dillalai da dama ba sa aiko kaya Najeriya. Ni ɗan ƙanwata da ke karatu a can nake sa wa a kai, ya tara mini biyu ko uku, in zai zo hutu ya taho da su tare da rasiɗansu.

In ka karance na farko har ka iya faɗa wa ɗalibanka abin da kowane harafi ke nufi ba tare da duba takarda ba, to ka sayi na biyu. A lokacin ne za ka zaɓi layi, don sarakunan suna da yawa, mai cewa sai ya tara kowa zai ƙare da tarkace. Ni Afirka na kama: duk abin da aka buga a Iskandariyya ko Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ko mai ɗauke da hoton nahiyar. Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138, yana da denarius mai rubutun AFRICA, mace a kishingiɗe da fatar kan giwa a ka, tana riƙe da kunama. Tirajan na da mai raƙumi, na tunawa da shigar da yankin Larabawan Petra cikin daula a 106. Filib Balarabe, haifaffen ƙasar Sham, ya yi bikin cikar birnin Rum shekara 1,000 a 248, ya buga masu zaki da barewa, na matarsa kuma da dorina. Dorinar nan shekara bakwai ina harinta, duk sanda ta fito sai wani mai aljihu ya riga ni.

Ranka ya daɗe, a cikin adudun kakarmu da ta rasu mun sami wani babban sulen azurfa mai kan wata mace mai ƙiba, an huda shi an sa zare. Ɗana ya karanta ya ce akwai R. IMP. a jiki, wai na Rumawa ne. Gaskiya ne? — Wata uwa daga Zariya

Allah Ya jiƙan kaka, Hajiya. Yaron yana da ido, a sa masa albarka, amma abin da ke hannunki liyari ne. Juya bayansa za ki ga mikiya mai kai biyu da lamba 1780. Matar ita ce Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780 ɗin. R. IMP. ɗin da ya gani na nufin "sarauniyar Rumawa", domin gidan sarautarsu na riƙe da wani laƙabi na gado da ke jingina kansa da Rum, sama da shekara 1,000 bayan faɗuwar Rum ta yamma a 476. Sunan ne kawai.

Kuma 1780 ɗin ba ita ce shekarar da aka buga naki ba lalle. 'Yan kasuwar Larabawa da Habasha da na ƙasashenmu sun amince da shi har ba sa karɓar wanda aka sauya wa ko ɗigo, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da wannan lambar har zuwa zamaninmu, ɗaruruwan miliyoyi. Ta hanyar Tarabulus da fataken hamada ya iso mana. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin ɗaya a kan wuri 2,500. Ki kai wa mai sikelin gwal: na ƙwarai giram 28 ne, azurfarsa kashi 83 cikin 100, hudar za ta ɗan rage kaɗan. In ya yi ƙasa da haka sosai, to na maƙeran gida ne, don su ma sun zuba nasu saboda ado.

Kuɗinsa a kasuwa bai wuce na azurfar da ke jikinsa da ɗan ƙari ba. Ni dai da nawa ne ba zan sayar ba, zaren ma ba zan cire ba.

Ga hanya mai sauƙi ga duk wanda ya tsinci wani abu a kayan gado: in ya yi zagaye cif kamar an yanka da inji, ko yana da shekara da lambobi irin namu, ba na tsohuwar Rum ba ne. Su da shekarun muƙaman sarki suke lissafi. Denarius na Seberus mai rubutun TR P XVIII, misali, na 210 ne, shekararsa ta 18 a kan mulki.

Malam, wani da ya dawo daga Libiya ya kawo mini sulalla 12, ya ce a wani kango aka tono su. Ɗaya na zinariya ne, da wuƙaƙe biyu da hula a tsakiya, an rubuta EID MAR. Yana neman sefa miliyan 2, ya ce a Turai sai in sami ninki ɗari. In saya? — Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi

Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu ka ja zif.

Wanda aka kawo maka hoton sulen da ya fi kowane suna ne a duniyar Rumawa. Burutus ya buga shi a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana alfahari da kashe shugaban Rum Yuliyus Kaisar da suka yi ranar 15 ga Maris na shekara ta 44. Rubutun ma sunan wannan ranar ne. Na zinariya guda uku kacal aka sani. Ɗaya an sayar da shi a Landan a watan Oktoba na 2020 a kan fam miliyan 3 da dubu 240, daga baya aka gano takardun asalinsa na ƙarya ne, aka mayar wa ƙasar Girka a 2023. Na huɗu ba zai zo Maraɗi a ƙulle cikin leda ba.

Ba dariya nake maka ba, ni ma an yi mini. A 2009 na je Tunisiya, a bakin katafaren filin wasan Rumawa na El Jem wani saurayi ya ja ni gefe, ya kwance hankici, ga denarius na Seberus da ƙasa-ƙasa a jikinsa. Seberus ɗan Libiya ne, haifaffen Leptis Magna, ni kuma ga ni mai tara na Afirka. Kwaɗayi ya rufe mini ido, na biya. Da na dawo gida na ɗora a sikeli: giram 2.2, alhali na ƙwarai yakan kai 3 ko ya ɗan haura. Na sa gilashi a gefensa, sai ga siririn layi ya kewaye shi kamar ɗinkin ƙwarya, inda bakin mazubi biyu suka haɗu. Fuskar duk ƙananan ramuka na kumfa, haruffan kuma sun yi laushi kamar tambarin sabulun da aka yi wanka da shi sau biyu. Zubi ne. Daga baya na gode wa Allah da ya zama jabu, don da na gaske ne, fitar da shi daga ƙasar laifi ne, da a filin jirgi zan kwana.

Rumawa bugawa suke yi, ba zubawa ba, in ban da wasu manyan na farkon zamani da ba za ka ci karo da su ba. Ana ɗora ɗan curin ƙarfe a kan hatimin da ke kafe a uwar maƙera, a ɗora wani hatimin a sama, a maka guduma. Saboda haka haruffa kan fito da kaifi, gefe kan tsage, hoto kan karkace, kuma ba za ka sami biyu masu siffa ɗaya sak ba. Baza goma sha biyun nan a kan farin ƙyalle. In ka ga biyu da tsaga a wuri ɗaya, da lotsawa a wuri ɗaya, daga mazubi ɗaya suka fito. Kanga musu maganaɗisu. Wanda ya manne ka jefar, ko da yake wanda bai manne ba bai tsira ba tukuna. Amma kada a ciza, kada a jefa a siminti don jin ƙara, tsohuwar azurfa takan bushe ta ciki ta tarwatse kamar ƙanzo.

To a ce wasu daga ciki na gaske ne, don Libiya cike take da kangayen Rumawa. Nan ma ba ka tsira ba. A 2011, cikin rikici, an fasa ma'ajiyar wani banki a Bengazi aka kwashe tsofaffin sulalla sama da 7,000 na gwamnati. Tun daga lokacin duk wani dillalin kirki a Turai tambayarsa ta farko ita ce takardar asali: daga tarin wa ya fito, yaushe ya bar ƙasar. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ita ce ma'aunin da aka fi dubawa. Abu marar takarda daga Libiya ko Masar ko Siriya, ba mai taɓa shi sai ɓarawon zaune. Mu da aka yi wa wasoson mutum-mutumin Nok aka kai kasuwannin Turai, bai kamace mu mu zama masu karɓar na wasu ba.

Baba, na samu kwabbai uku ta hannun yayana da ke Jamus, amma duk sun yi baƙi da kore. Da me zan wanke su su yi ƙyalli? — Wata ɗalibar jami'a daga Kano

'Yata, ajiye soson nan.

Koren da baƙin da kike gani rigar tsufa ce, masu harkar na ce mata fatina. Ɗaruruwan shekaru ƙarfen ya yi a ƙasa kafin ya saƙa ta, kuma sau da yawa hoton da rubutun a jikin rigar suke zaune, ba a ƙarfen da ke ƙarƙashi ba. Autata tana 'yar shekara tara ta ga wani kwabon Konstantin a kan teburina, mai hoton kyarkeciyar nan ta tatsuniyar kafa birnin Rum da ke shayar da tagwaye, ta ji tausayin babanta da ke ajiye da ƙazamin kuɗi. Ta samo lemun tsami da toka, irin yadda take ganin ana yi wa tasoshin tagulla, ta dirje shi tas. Ta kawo mini a tafin hannu tana murmushi. Ya yi ja wur kamar sabon kwabo, fuskar duk rami, tagwayen sun tafi. Na ce mata sannu da aiki, na shiga ɗaki na zauna. Yanzu ta yi aure, kwabon na wurinta.

Saboda haka ba lemun tsami, ba tsamiya, ba toka, ba omo, ba man goge ƙarfe. In dillali ne ya sayar da su, an riga an yi musu iya wankin da ya dace. In kuwa ƙasa ce ta daskare har ta rufe rubutu, ki jiƙa su a tataccen ruwa irin na ɗakin gwaje-gwaje da ake samu a kemis. Ba ruwan famfo ba, ba na leda ba, kuma ki kiyayi ruwan batir, wani da asid a ciki. Ki sauya ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, ki riƙa ɗan taɓa ƙasar da tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Yakan ɗauki makonni. Abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa.

Kore ɗaya ne abin tsoro. In kika ga wani ɗigo mai haske, mai gari-gari kamar garin kuka da ya koɗe, wanda in kin taɓa da tsinke yake zubowa, wannan ciwon tagulla ne. Gishirin da ya shige ƙarfen ne ke haɗuwa da laima yana cin sa, in an ƙyale sai ya huda shi. Ki ware mai ciwon, ki kakkaɓe garin, ki jiƙa shi a tataccen ruwan nan na makonni kina sauyawa, sa'an nan ki busar da shi sosai. Da hunturu ba ki da damuwa a Kano. Watan Agusta ne abin ji. Ni kowane a ambulan ɗinsa na takarda yake, duk a cikin gwangwani mai murfi, tare da 'yan ƙullin ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ledar roba mai laushi kuwa ki nisance ta, takan yi gumi ta bar wani kore mai danƙo. In za ki ɗauka, ki kama ta gefe, a saman tabarma ko katifa.

Malam, ina da sha'awa, amma surorin mutane da na gumakansu da ke jiki suna damuna. Kuma ana samun riba in an ajiye? — Wani ɗalibin ilmi daga Damagaram

Ta biyun tana da gajeriyar amsa: a'a. Kwabon da na saya fam 4 a 2003, yau da ƙyar a ba ni fam 15, kuma in na cire la'ada da kuɗin aike sai in tashi a tutar babu. Mai neman riba ya sayi tumaki.

Ta farkon kuwa, Malam, fatawa taku ce, ku da malamanku; ka kai musu har da batun sayen na azurfa da na zinariya daga nesa, inda ba hannu da hannu ba, don wannan ma babi ne. Nawa shi ne in ba ka tarihin da za ka tafi da shi. A zamanin Manzon Allah (SAW) ba a buga kuɗi a Makka ko Madina. Dinarin da ake ciniki da shi na Rumawa ne, da hoton sarkinsu. Dirhami kuma na Farisa ne, da hoton Kisra da wurin bautar wuta. Haka aka ci gaba har zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, wanda a shekara ta 77 bayan Hijira ya fitar da dinari mai rubutu zalla, nauyin giram 4.25, wanda da shi ake lissafa nisabin zakka na dinari 20 ya zama giram 85. Kalmar dinari kanta daga denarius ta fito, ta bi ta bakin Larabawa ta iso mana. Fulus kuma jam'in fals ne, daga follis, kwabon tagullar Rumawa.

In ranka ya fi kwanciya da marar hoto, fulus na Banu Umayya da na Abbasiyawa suna nan da araha, kuma kai da ka iya Larabci ka fi yawancin Turawan da ke sayar da su iya karantawa.

Akwai wani guda a gwangwanina da nakan fito wa baƙi irinka da shi. Follis ne na Hiraƙal, sarkin Rum da aka aika wa wasiƙar nan ta kira zuwa Musulunci, wanda ya yi mulki daga 610 zuwa 641. Mummuna ne ƙwarai, gefensa a yanke, an buga shi a kan wani tsohon kwabo har rubutun na ƙasa na leƙowa. A gaba shi ne a tsaye da ɗansa. A baya babban harafin M, wato 40 a lissafin Girka, da ɗan gicciye a samansa, CON a ƙasa, Kustantiniyya ke nan, a gefe kuma ANNO da sanduna uku: shekara ta 3 ta sarautarsa. Ta faɗo a 613, shekara 9 kafin Hijira, shekarar da Farisawa suka karya rundunarsa kusa da Antakiya, kafin su ci Ƙudus a 614. Yaƙin da farkon Suratur Rum ke magana a kai ke nan. Fam 18 na saye shi. In hanya ta biyo da kai Kano, ofishin mujallar nan sun san gidana. Bayan la'asar ina nan, sai dai ranar Juma'a.